Ƙofar da Hazwan Ya Rufe

Ranar da Hazwan ya fara ganin Mardhiah, faɗa ta zo yi. Tun asuba ake ruwa a Kuala Terengganu, irin ruwan nan na ƙarshen shekara da ba ya gajiya. Ta shigo ofishin kamfanin intanet lemarta na ɗiga, gefen hijabinta a jiƙe, ta tsaya gaban teburin ƙorafi.

"Wa ya rufe mana imel?" ta ce da matar da ke zaune a wurin. "Don Allah, Kak," wato Yaya, "kar ki ba ni haƙuri. Shi wanda ya rufe ɗin nake son gani."

Hazwan ba a teburin ƙorafi yake aiki ba. Injiniya ne, wurinsa na can ciki cikin sanyin na'urori, shayi kawai ya fito ɗauka. Da ya so da ya wuce abinsa. Amma ya ga yadda take rawar sanyi tana kuma harara a lokaci guda, sai bakinsa ya riga shi.

"Ni ne, Cik," ya ce, wato Malama.

Ta juyo ta ƙare masa kallo tun daga tabarau har takalmi. "Kai? Ai na zaci wani tsoho zan gani mai baƙin rai."

"Ina kan hanyar zama shi," ya ce. "Zauna tukuna."

Ba ta zauna ba. A tsaye ta zayyana masa komai. Mahaifinta, Haji Deraman, yana da shagon yadin batik, rinanne mai zane, kusa da kasuwar Pasar Payang, ita ke riƙe da kwamfutar shagon. Saƙo na shigowa, amsa ba ta fita. Wata hajiya a Brunei ta sa an rina mata yadin bikin 'yarta, ta yi ta rubutowa shiru, yanzu ta fara tambaya ko yaudararta aka yi.

"Sunan Abah ne ake taɓawa," in ji ta, tana nufin mahaifinta. "Ka gane kuwa?"

Ya gane. Ya ajiye kofin shayin ya yi mata bayani a hankali. Ya ce imel ta ƙofa yake fita, kuma kowace ƙofa da lambarta. Tsohuwar ƙofar, mai lamba ashirin da biyar, ba ta tambayar kowa sunansa, don haka masu tura saƙonnin shara suka mayar da ita hanyarsu, da masu tallan ƙarya da 'yan damfara. Abin ya kai kamfanonin ƙasashen waje sun fara ƙin karɓar duk saƙon da ya fito daga layukan kamfaninsu, na kirki da na banza. Shi ya sa aka rufe ta aka buɗe wata, mai lamba ɗari biyar da tamanin da bakwai, wadda sai ka faɗi sunanka da lambar sirri kafin ka wuce.

"Mun sanar da kowa a takardar wata," ya ce.

"Wa ke karanta takardarku?"

"Ko ni ba na karantawa."

Ta so ta yi dariya, ta cije.

Bayan la'asar ya je shagon a kan babur, rigar ruwa har ƙafa. Gyaran bai ɗauki lokaci ba. Ya canja lambar ƙofa, ya ce ta sa lambar sirrinta, ya kau da kai. Sai ga amsoshin da suka maƙale suna fita ɗaya bayan ɗaya.

"Alhamdulillah!" Mardhiah ta dafe ƙirji. "Abah, sun tafi!"

Haji Deraman na zaune da farar hularsa yana ninke yadi. Ko ɗago kai bai yi ba. "Shi ya rufe, shi ya buɗe, kuma ke kike masa godiya."

Da zai fita, Hazwan ya hango wata kwamfuta a ɗakin baya, fitilarta na ƙiftawa ba tsayawa. Ya tambaya ta wace ce.

"Ta Fakhrul ce, ɗan aminin Abah," in ji Mardhiah. "Kamfanin talla gare shi. Ya ce layinsa ya lalace, ya ajiye ta nan, kar a kashe."

Washegari da hantsi wayarta ta yi ƙara.

"Assalamu alaikum, Cik Mardhiah. Hazwan ne, mai baƙin rai. Hajiyar Brunei ta amsa?"

"Wa alaikumus salam. Ta amsa, har da addu'a. A ina ka samu lambata?"

"Ke kika rubuta a takardar ƙorafi. A ƙasa kika ƙara: a neme ni da gaggawa. Umarni nake bi."

"To an gode, Mai Gadi. Koma bakin ƙofarka."

Sunan ya bi shi ke nan.

Daga nan Hazwan ya zama mai son batik. Yau ya sayi riga shuɗiya, jibi ya dawo wai ta yi wa ƙanin babansa kyau ya bar masa. Mak Zaharah, mahaifiyar Mardhiah, tana daga bayan kanta tana kallon ikon Allah.

"Dhia," ta ce da Mardhiah, "yaron nan jiki nawa ne da shi?"

"Mak, ciniki ne ai."

"Ciniki ne, shi ya sa kike gyara hijabi in kin ji babur?"

Duk da haka ita Mak ɗin ce ke aikawa a sayo keropok lekor, soyayyen kwaɓin kifi da gari, mai zafi da yaji in ya zo, ta koma can ƙarshen shago ta yi kamar tana lissafin ƙulle-ƙullen yadi.

Wata yamma da Haji ya tafi taron kwamitin masallaci, Hazwan ya daɗe yana juya hular kwanonsa a hannu.

"Dhia, ni ban iya zance ba. Duk yini da na'ura nake magana."

"Na lura."

"Tun ranar da kika shigo kina neman wanda za ki yi wa faɗa, ban sake shan shayi ya yi mini daɗi ni kaɗai ba. In mahaifiyata ta taso daga garinmu Dungun ta zo gidanku, za a ba ta wurin zama?"

Ta sunkuyar da kai, ta warware yadin da ta riga ta ninke ta sake ninkewa.

"Kujeru ba su ƙare a gidanmu ba, Abang."

Ranar ta fara ce masa Abang, yadda mace ke kiran masoyinta ko mijinta. Ya hau babur ya yi nisa kafin ya tuna bai sa rigar ruwa ba.

Amma Haji Deraman yana da nasa tunanin. Shi Fakhrul yake so. Ya san shi tun yana cikin zani, ga mota, ga iya gaisuwa. Fakhrul ɗin kuwa da ya ga babur ya yawaita a ƙofar shago, sai ya samu Haji ya zauna kusa da shi ya rage murya.

"Pak Cik," ya ce, wato Baffa, "ban so in faɗa ba. Mutanen nan da suka rufe ƙofa, don su riƙa karanta saƙon jama'a ne. Duk abin da kuka rubuta wa masu sayenku, yaron nan yana gani. Ku bar kamfaninsu. Na san wani da bai rufe komai ba."

Da aka zauna cin abinci Haji ya yanke magana. "Mutumin da ke leƙa sirrin mutane ba zai zama surukina ba."

"Abah, ba haka aikinsa yake ba."

"Ke kin shiga cikin na'urar kin gani?"

Ba ta shiga ba kam.

Ana cikin haka Hazwan ya kira ta wata safiya, muryarsa ba kamar kullum ba.

"Dhia, gara ki ji daga bakina. Kamfani zai aiko muku da gargaɗi. Layin shagonku yana cikin waɗanda suka fi ƙoƙarin tura saƙo ta tsohuwar ƙofa, dare da rana. Irin wannan yawan, shara ce."

Ranta ya ɓaci. "Shara? Daga shagon Abah? Cewa kake 'yan damfara ne mu?"

"Ban ce ba. Ina zargin kwamfutar ɗakin baya."

"Yaya aka yi ka san abin da ke cikin saƙonmu in ba karantawa kake ba?"

"Ban san abin da ke ciki ba. Bugun ƙofar kawai nake gani."

"Fakhrul ya ce kai maleƙi ne, kai ka ce shi ɓarawo ne. Ni kuka mayar abin wasa?" Ta kashe wayar.

Gargaɗin ya iso, da sa hannun sashen da Hazwan ke aiki. Haji ya karanta. Nan take ya ce da Fakhrul ya kira ɗaya kamfanin, a zo a sa sabon layi ranar Lahadi.

Saƙonnin Hazwan suka riƙa shigowa, tana karantawa ba ta amsawa.

"Dhia, kin ci abinci?"

"Sayang, masoyiyata, ki yi fushi da ni yadda kike so, amma kar ki yarda da ni don kina sona, kar kuma ki ƙi don kina fushi. Ki kunna fuskar kwamfutar nan ki buɗe akwatin saƙonnin da ke jiran fita. Ki gani da idonki."

"Ba zan sake damunki ba. Ina nan inda kika bar ni. Mai Gadinki."

Wannan na ƙarshe ya fi ci mata rai. Ta kwana biyu tana kai hannu ga waya tana janyewa.

Ranar Asabar ruwa ya hana kasuwa ci. Haji ya je masallaci, Mak na gyangyaɗi a kujera. Mardhiah ta daɗe tana kallon ƙofar ɗakin baya. Sannan ta tashi ta shiga, ta kunna fuskar kwamfutar, ta nemo akwatin da ya faɗa.

Saƙonni ne jere ba iyaka, ta ja ƙasa ta ja ƙasa ba su ƙare ba. Duk iri ɗaya. Ta buɗe guda.

Hoton Abah ne, da farar hularsa, wanda aka ɗauka ranar da ya dawo daga Makka. An liƙa masa kofi a hannu. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: "Kofin ƙarfin maza. Ni Haji Deraman na Pasar Payang shi nake sha, ku tambayi iyalina." Ga sunan shagon, ga lambar wayar gida.

Ta duba waɗanda za a aika wa. Bayan dubban baƙin sunaye, ga duk mutanen da ke cikin kwamfutar shagon: masu saye na Brunei da Singapore, 'yan kwamitin masallaci, limamin unguwa, har surukan yayarta.

"Mak!" ta kira. "Mak, zo ki gani!"

Mak Zaharah ta zo tana gyara tabarau. Ta karanta, dariya ta kufce mata, ta toshe baki. Da ta kai kan "ku tambayi iyalina" sai dariyar ta ɗauke.

"Innalillahi. Ni za a tambaya? Dhia, wannan ya fita?"

"Ban sani ba, Mak."

A haka Haji ya dawo ya same su. Ya kalli hotonsa, ya kalli sunan liman. Ya zauna a kan ƙullin yadi. Mutumin da ke jan addu'a a kowane taron unguwa, ga shi riƙe da kofi. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ɗazu liman ya yi mini murmushi. Ko ya gani ne?"

Mardhiah ta ɗauki waya ta rubuta wa Hazwan.

"Abang, na gani. Don Allah ka zo."

Amsar ba ta jima ba. "Ga ni nan."

Ya iso a jiƙe sharkaf. Ya gaida Haji, ya nemi izini kafin ya taɓa kwamfutar. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya juyo.

"Pak Cik, zan faɗa muku duka. Kafin a rufe ƙofa, kwamfutar nan ta tura tallace-tallacen wasu mutane ta layinku, amma babu sunanku a ciki. Wannan mai hotonku bayan rufewa aka shirya shi. Tun ranar yake bugun ƙofa tana mayar da shi."

"Ko ɗaya bai fita ba?"

"Ko ɗaya."

"Liman fa?"

"Murmushinsa ne kawai, Pak Cik."

Haji ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Ya zame daga kan yadin ya fuskanci alƙibla ya yi sujadar godiya, nan tsakanin kaya. Mak na ta "Alhamdulillah, Alhamdulillah," tana share ido da gefen mayafi. Mardhiah ta jingina da bango.

"Da an sa sabon layin gobe fa?" ta tambaya.

"Da kafin a gama shan shayi sun tafi duka."

Haji ya aika aka kira Fakhrul. Ya shigo da fara'arsa, da ya ga fuskar kwamfutar a kunne sai fara'ar ta gudu.

"Pak Cik, talla ce kawai. Mutane sun fi yarda da dattijo mai farar hula. Ai da na gaya muku daga baya."

"Daga baya," Haji ya maimaita. "Ni na yi maka huɗuba a kunne ranar da aka haife ka, Fakhrul. Don darajar mahaifinka ba zan kai ka ko'ina ba. Za a goge hotona da sunayen mutanena a gabanka, ka ɗauki kayanka. Abin da ya rage, da bakinka za ka faɗa wa babanka, kafin ni in faɗa."

Haka aka yi. Fakhrul ya fita rungume da kwamfutarsa cikin ruwa, ba wanda ya ba shi lema.

Da shagon ya koma nasu, Mak ta dubi mijinta ta gefen ido. "Amma fa hoton ya yi kyau, Abang. Ka fito kamar saurayi."

"Zaharah!"

Dariyar da kowa ke dannewa ta ɓalle. Shi kansa Haji sai da kafaɗarsa ta girgiza. Ya juya ga Hazwan.

"Gaya mini gaskiya. Kana karanta saƙon mutane?"

"A'a, Pak Cik. Ko da zan iya, ba zan yi ba. Na ga yawan bugun, ban san me ke ciki ba sai yau."

"Kuma ka san gargaɗin nan zai ɓata ka a wurina, ka bari aka aiko."

"Na sani. Ban ga yadda zan ɓoye muku ba, sannan in zo neman 'yarku."

Haji ya juya ga matarsa. "Zaharah, yaron nan a jiƙe yake. Ba shi busasshiyar riga."

"Rigunan shagon nan ai rabi suna gidansa," in ji Mak.

Da yamma, bayan Hazwan ya koma, saƙonta ya same shi.

"Abang, na kashe maka waya, na ce maka maleƙi. Ka yafe mini."

"Na yafe tun kafin ki gama kashewa. Ni ma ban iya faɗar magana mai zafi da laushi ba. Ki koya mini."

"Zan koya maka. Abah ya ce wai yaushe mutanen Dungun za su zo, don a san yawan shinkafar da za a dafa."

Hazwan ya karanta, ya sake karantawa, ya kira mahaifiyarsa yana dariya kamar yaro.

Mutanen Dungun suka zo da zobe da tiren kayan zaƙi. Aka sa rana bayan damina, lokacin da teku ta kwanta masunta suka koma ruwa. Hajiyar Brunei ma da ta ji labari ta aiko da turare.

A masallacin unguwa aka ɗaura auren, Haji Deraman da kansa ya zama waliyyi. Ango da amarya suna sanye da yadi iri ɗaya, shuɗi mai zurfi da zanen furanni, wanda ba wanda ya taɓa ganin irinsa a shagon. Da Haji ya miƙo hannu don a ƙulla, Hazwan ya ga hannun ya rine shuɗi har wuyan hannu. Shekara da shekaru Haji ya bar wa ma'aikata rini saboda ciwon baya. Wannan yadin shi ya zana shi, shi ya tsoma shi, bai bari kowa ya taya shi ba.

Hazwan ya ɗago, idonsa ya cika.

"Daina kallon hannuna," Haji ya ce a hankali. "Kalli bakina, kar ka yi tuntuɓe a sa mu maimaita."

Bai yi tuntuɓe ba. Da numfashi ɗaya ya karɓi auren Mardhiah binti Deraman, shaidu suka ce ya ɗauru, gangunan kompang suka tashi a waje. A bayan labule Mardhiah ta kifa kai a kafaɗar Mak tana kuka tana dariya.

Haji bai saki hannun ba tukuna. Ya ƙara damƙe shi.

"Ɗana," ya ce, "na ba ka ita. Allah Ya sa ku tsufa tare, Ya ba ku 'ya'ya masu jin ƙanku, Ya rufa muku asiri duniya da lahira."

Masallaci ya amsa da amin. Mu ma da muka ci shinkafar bikin muka koma gida da tsarabar biki ta ƙwai ɗaure da fure, har yau in mun gan su sun wuce a kan babur, ita a baya tana masa faɗan ya rage gudu, amin ɗin muke ƙarawa.